Su Wa Muka Binne a Anka da Bukkuyum?

Tsakanin ranar 4 da ranar 6 ga Janairun 2022, 'yan bindiga a kan babura suka bi ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ɗaya bayan ɗaya, suna harbi, suna banka wa gidaje da rumbuna wuta. Kurfar Danya da Rafin Gero da Barayar Zaki suna cikin garuruwan da abin ya rutsa da su. Da ƙura ta lafa, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe. Waɗanda suka tsira, suka koma suna bin daji suna tsinto gawarwaki, suka ce adadin ya kai 200. Daga ofishin Ministar Jin Ƙai ta lokacin, Sadiya Umar Farouq, wadda ita ma 'yar Zamfara ce, aka ji cewa an binne sama da mutum 200, kuma fiye da 10,000 sun rasa matsuguni.

Tsakanin 58 da 200 akwai mutum 142. Kowannensu yana da uwar da ta goya shi, da sunan yanka da aka raɗa masa ranar bakwai, da gonar da yake nomawa ko jarin da take juyawa. Duk da haka sun maƙale a tsakanin lissafin hukuma da lissafin talakawa, kamar ba a taɓa haihuwarsu ba. Wannan gurbi shi ne ya hana ni sakat, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Ina ganin gari yana zama abin da ya zaɓi ya tuna, kuma garin da bai riƙe sunayen matattunsa ba, wasu ne za su rubuta masa tarihinsa, su rubuta shi yadda ya yi musu daɗi.

Babu garin da ya fi cancantar ya gane wannan kamar Anka, domin sarautarta ma a kan tuna ɓarna aka kafa ta. A tsakiyar ƙarni na 18, Zamfara babbar daula ce mai birni da ganuwa. Gobirawa suka zo aka ba su masauki, suka yi ƙarfi a Alƙalawa, har a shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi ya rushe shi. Zamfarawa suka watse, gidan sarauta ya yi ta yawo daga wannan gari zuwa wancan, kafin daga bisani ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. Birnin ya zama kufai, amma sunan bai mutu ba. Har yau mai sarautar Anka Sarkin Zamfara ake kiransa, wato sarkin daular da aka rusa fiye da shekara 250 da suka wuce. Marokan fada da makaɗa da dattawa suka riƙe jerin sarakuna a ka, suka miƙa wa na baya. Da aka zo ƙirƙirar sabuwar jiha ranar 1 ga Oktoban 1996, ba a sha wahalar neman suna ba, domin an tarar da shi a raye a bakin mutane. Kuma a yau babu Bazamfaren da ke wasa takobi don ya rama abin da Babari ya yi. An tuna, an yi alfahari da asali, an ci gaba da zaman tare da auratayya. Ashe tuna abin baƙin ciki yana iya zama tushen martaba ba tare da ya zama gaba ba.

Idan muna son ganin abin da ke faruwa idan aka hana mutane tunawa, mu dubi Satiru, wani gari da ya taɓa zama kimanin mil 14 daga Sakkwato. A 1904 mai garin, wanda ake kira Maikaho, ya yi iƙirarin Mahadi, aka kama shi, ya rasu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi, sannan wani malami makaho da ake kira Ɗan Makafo ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulki ya haɗu da su. Yawancin waɗanda suka taru a garin talakawa ne da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu. Ranar 14 ga Fabrairun 1906 sojojin dawaki na Turawan Ingila suka nufi garin, Satirawa suka tarye su da fartanya da gatari da kwari da baka, suka kashe Turawa uku, ciki har da muƙaddashin Razdan Hillary, da sojoji baƙar fata 25. Lugga, shugaban Turawan mulkin Arewa, ya fusata. Ranar 10 ga Maris aka dawo da rundunar da ta haura soja 500 da bindigogi masu jigida, tare da mahayan Sarkin Musulmi. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa an kashe kusan mutum 2,000, aka kwashe mata da yara kusan 3,000. Aka baje garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin, aka kashe Ɗan Makafo a bainar jama'a a Sakkwato.

Ba ina wanke Satirawa ba ne, domin su ma sun far wa maƙwabtan da suka ƙi bin su, kuma malaman zamaninsu ba su yarda da iƙirarinsu ba. Abin lura shi ne wannan: sunayen Turawan nan uku suna nan a rubuce, da muƙamansu da ranar mutuwarsu, a takardun mulkin mallaka. Mutum 2,000 kuwa, in ban da shugabanninsu, sun tafi ba suna. Mai son sanin labarin a yau sai ya bi ta rahotannin waɗanda suka yi kisan, ko nazarin masana irin su Paul Lovejoy da Jan Hogendorn da suka zo shekaru da dama bayan haka suna tsintar guntattakin labari. Ɗalibai nawa ne a makarantun Sakkwato da Zamfara suka san sunan Satiru? An kashe mutanen sau ɗaya da harsashi, aka sake kashe su da shiru.

Ku kwatanta wannan da Gimbana da Tsuntsuwa. Harin da mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka kai wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, wanda ya share fagen hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804, har yau almajiran tarihi suna ba da labarinsa. Haka yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda jama'ar Shehu suka yi asarar kusan mutum 2,000, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Mun san wannan ne saboda jagororin jihadi, irin su Muhammadu Bello mai Infaƙul Maisuri da Abdullahin Gwandu mai Tazyinul Waraƙati, sun ɗauki alƙalami sun rubuta nasara da asara duka. Bambancin Tsuntsuwa da Satiru shi ne ɗaya ta samu marubuta daga cikin gida, ɗaya ba ta samu ba. Tsorona shi ne kada ƙauyukan yammacin Zamfara su bi sahun Satiru alhali muna da ilimi da takarda da waya a hannu.

Wani zai ce, ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, mene ne amfanin fama miki? Wani kuma zai kawo hujjar addini: Musulmi ba ya zaman makoki fiye da kwana uku, in ban da matar mamaci mai takaba, ba ma gina kaburbura, ba ma kafa gumaka, abin da Allah Ya ƙaddara mun karɓa. Wannan magana tana da nauyi, kuma ni ma a kanta na tashi. Sai dai haƙuri daban, mantuwa daban. Alƙur'ani mai girma da kansa ya adana labarin kisan gillar da aka yi wa muminai, mutanen rami, a cikin Suratul Buruj, muna karanta ta a sallolinmu har gobe. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ziyarci shahidan Uhudu ya yi musu addu'a. Malaman sira irin su Ibn Ishaƙ da Ibn Hisham sun jera sunayen waɗanda suka yi shahada a Badar da Uhudu, mutum da sunan mahaifinsa da ƙabilarsa. Al'ummar da ta ƙirƙiro ilimin sanin maruwaita, ta bi rayuwar dubban mutane ɗaya bayan ɗaya don tantance hadisi, ba ta da uzurin cewa rubuta sunan wanda aka zalunta baƙon abu ne a wurinta. Babu mai neman a kafa gunki ko a yi kururuwa. Suna muke nema a rubuta, da rana, da wuri, da addu'a.

Hujja ta biyu ta fi ta farko tsoratarwa, ita ce cewa tunawa tana haifar da ramuwar gayya. Wannan gaskiya ne idan aka bar tunawa a hannun ɓangare guda. A 1989 shugaban Sabiyawa Slobodan Milosebic ya tara jama'a don cikar shekara 600 da yaƙin Kosobo, ya hura musu wutar tsohon ƙulli, kuma shekara shida bayan haka aka kashe Musulmi maza da samari sama da 8,000 a Srebrenica. Amma a wannan garin dai, duk ranar 11 ga Yuli ake taruwa a maƙabartar Potocari, a yi sallar jana'iza ga waɗanda aka gano ƙasusuwansu, a karanta sunaye, kuma iyaye matan garin sun zaɓi kotu a kan bindiga. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, inda aka binne sama da mutum 250,000 a wuri guda, kowace 7 ga Afrilu ƙasar takan tsaya cik don tuna kisan 1994. Tunawar da ake yi a fili, da shaida da lissafi, tana rage wa masu ingiza mutane kasuwa. Wadda ake yi a ɓoye, uwa tana raɗa wa ɗanta cikin dare cewa ƙabila kaza ce ta kashe ubansa, ita ce ke zama guba.

Don haka dole mu faɗa wa kanmu gaskiya mai ɗaci. Jinin da ya zuba a Zamfara ba na Hausawa manoma kaɗai ba ne. An kashe Fulani makiyaya da ba su ji ba ba su gani ba a kasuwanni da kan hanyoyi, a hannun wasu 'yan sa-kai, ba tare da alƙali ya saurare su ba. An ƙone rugage kamar yadda aka ƙone ƙauyuka, an sace shanun Bafulatani kamar yadda aka sace na Bahaushe, kuma da yawan makiyaya su ne farkon waɗanda ɓarayin daji suka talauta. Kundin da zai rubuta mamatan ƙauye ya tsallake mamatan ruga ba kundin gaskiya ba ne, makami ne. Wanda ya ɗauki bindiga ya kashe bayin Allah ɗan ta'adda ne, kamar yadda gwamnatin tarayya ta ayyana a hukumance a farkon Janairun 2022, a makon da ake kisan Anka da Bukkuyum. Wanda aka kashe bisa zalunci kuwa ɗan'uwanmu ne, ko da wane harshe uwarsa ta yi masa tawai.

Akwai kuma wata mutuwar da ba ta zo da ƙarar bindiga ba, amma ta ci wannan yanki kafin 'yan bindiga su yi ƙarfi. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinari da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a kan ƙasar da yara ke rarrafe. 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega, waɗannan sunaye suka zagaya duniya. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka sha magani, wasu suka rayu da makanta ko taɓin ƙwaƙwalwa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa wa gwamnati lamba kafin a saki kuɗin aikin. Talauci da sakaci ne suka kashe yaran nan. To, a wace makarantar firamare ta yankin ake koya wa yara wannan labari a matsayin darasi? A 2015 irin wannan guba ta sake kashe yara kusan 30 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, musamman idan Awai ba ta ji labari ba.

Ku dubi yadda duk wannan ya riga ya sauya fuskar garuruwanmu, ko mun so ko mun ƙi. Da, idan an ambaci Anka, sarauta ake tunawa da tsohon tarihi. Idan an ambaci Gummi, sai a tuna Sarkin Mafara da fadamun Gulbin Zamfara da shinkafa da kasuwanci. Bukkuyum kuwa garin Sarkin Danko ne, ƙasar noma da kiwo. Yanzu ɗan waɗannan garuruwa in ya faɗi asalinsa a Kano ko Abuja, sai a yi masa jaje kafin a gama gaisawa. A Anka har ginin sabuwar fadar sarki da ba a ƙarasa ba ya zama matsugunin 'yan gudun hijira. Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Muhammad Dahiru Abubakar, ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum 6,319 a jihar, aka bar zawarawa 4,983 da marayu 25,050. Wannan lissafi ya tsaya kafin kisan Janairun 2022, kafin kuma watannin ƙarshen 2021 da aka rufe layukan waya da kasuwanni, lokacin da abubuwa da yawa suka faru a ƙauyuka ba tare da labari ya fito ba. Marayun nan suna girma. Za su tambayi yadda iyayensu suka mutu, kuma amsar da suka samu ita ce za ta zama halin garuruwan nan nan da shekara ashirin.

Sauran al'ummomi sun nuna mana cewa jinkiri yana da tsada. A Tiyaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamban 1944, sojojin Faransa suka buɗe wa sojojin Afirka ta Yamma wuta don sun nemi haƙƙinsu bayan sun dawo daga yaƙin duniya. Faransa ta ce mutum 35 ne, masana suka ce sun kai ɗaruruwa, kuma sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne. Har yau ana jayayya kan adadin, saboda ba a rubuta sunaye tun shaidu suna raye ba. A nan gida, mutanen Asaba sun shafe shekaru da dama suna tattara sunayen waɗanda aka kashe musu a Oktoban 1967, kuma wannan aiki ya zama wani ɓangare na yadda garin ke bayyana kansa. Mu namu shaidun suna nan da ransu, a sansanoni da gidajen 'yan'uwa a Anka da Gummi da Gusau. Kowace shekara wasu daga cikinsu suna komawa ga Allah da abin da suka gani.

Aikin da nake kira a yi bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba sai an jira Abuja ba. Tsarin sarautarmu an gina shi ne a kan sanin mutane: mai unguwa ya san gidaje, dagaci ya san ƙauye, hakimi ya san gunduma, ardo ya san rugage, liman kuwa shi ya sallaci gawa. Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum su buɗe kundi, kowane ƙauye da shafinsa, a rubuta sunan mamaci da na mahaifinsa, da shekarunsa, da ranar da abin ya faru, da inda aka binne shi, da waɗanda ya bari. A rubuta da boko a rubuta da ajami, a ajiye kwafi a fada, a ajiye a babban masallaci, a aika wani Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna. Malaman tarihi na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tura ɗalibansu su naɗi muryoyin tsofaffi da zawarawa, a ɓoye sunan duk mai tsoron a gane shi, domin har yanzu masu kisan ba su yi nisa ba. Mata su yi wa mata tambaya, don akwai abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba.

Sannan a ware rana guda a shekara, a makon farko na Janairu, a sauke Alƙur'ani a manyan masallatan garuruwan uku, a karanta sunaye, a yi addu'a ga manomi da makiyayi a sahu ɗaya. Idan za a gina wani abu da sunansu, a gina abin da zai zama sadaka mai gudana: makarantar marayu, rijiyar burtsatse, ɗakin haihuwa. Kundin kuma zai yi amfani a duniya tun kafin lahira, domin da shi za a san marayan gaskiya idan tallafi ya zo, da shi za a mayar wa magada gonakinsu idan an koma gida, da shi za a tsaya gaban alƙali ranar da aka gurfanar da masu laifi. Sulhun da aka yi ba tare da an san wa aka kashe ba, yafiya ce da wanda ba shi da haƙƙi ya yi a madadin mai haƙƙi.

Ina kira ga iyayenmu sarakuna, Allah Ya ja zamaninku, da malamanmu da 'yan bokonmu na yammacin Zamfara da ke Gusau da Kaduna da Abuja, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kakanninmu sun riƙe sunan Zamfara fiye da shekara ɗari biyu ba jiha ba tuta, har Allah Ya dawo da shi. Kada a ce a zamaninmu ne aka binne mutum ɗari biyu a kwana uku muka kasa faɗin sunayensu. Kai kuma mai karatu, idan ka rasa wani a wannan fitina, ɗauki takarda yau ka rubuta sunansa da ranar da ya rasu da inda yake kwance, ka nuna wa 'ya'yanka, ka kai wa mai unguwarku. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya raya marayunsu, Ya dawo mana da zaman lafiya.